Lambun Haɗin Gwiwa: Abin da Za Mu Ɗauka Daga Ingila da Abin da Za Mu Bar Musu

Assalamu alaikum 'yan uwa, mutanen Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Aliero, Yawuri, da duk inda kuke kallona. Iyayena mata na ƙungiyoyin lambu, ina gaishe ku da aiki. Ina magana da ku daga Bamingam ta ƙasar Ingila, a cikin irin filin nan da ƙaramar hukuma take yankawa ta ba mutanen gari haya su yi lambu. Tun 1908 suke da dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar da irin waɗannan filaye idan jama'a sun nema, kuma cikakken kaso ɗaya yana kai murabba'in mita 250. Yanzu Oktoba, su nan suna tattara kaya saboda sanyi ya kawo jiki, ku kuwa yanzu ne noman rani yake buɗe ido.

Ku duba bayana. Kun ga akwatunan katakon nan da aka cika da ƙasa, tsayinsu ya kusa gwiwa? Su ne kuke yawan gani a bidiyon Turawa a Facebook da YouTube, kuma ina roƙonku kada ku kwaikwaya a lambun rani. Ruwan saman da ake samu a nan a shekara bai yi nisa da na Birnin Kebbi ba, duka ana zancen milimita 700 zuwa 800 ne. Amma nasu yayyafi ne da yake zuba shekara zagaye, rana ba ƙarfi, ƙasa kullum a jiƙe take, shi ya sa suke ɗaga shuka sama don saiwa ta sha iska kada ta ruɓe. Namu kuwa a wata huɗu yake zubowa, daga Yuni zuwa Satumba, sannan ya ɗauke. Idan ka ɗaga ƙasa a watan Janairu a Kebbi, iskar hunturu za ta busar da ita ta sama da ta gefe huɗu, ka yi ta zuba ruwa kamar a kwando. Abin da iyayenmu suke yi a fadama shi ne daidai: fangali, wanda wasu suke ce wa komi, cikinsa ƙasa-ƙasa, gefensa da 'yar kunya mai tare ruwa.

Ga yadda za a fitar da shi. Faɗi mita 1 zuwa mita 1 da santimita 20, don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ciki ba. Tsawo mita 4 ya isa. Zurfin ciki santimita 10 zuwa 15 ƙasa da hanya, kunyar gefe kamar faɗin tafin hannu biyu, hanyar tsakanin fangali da fangali rabin mita don baro ya wuce. Inda ake yawan kuskure shi ne daidaita cikin. Idan gefe ɗaya ya fi zurfi ko da yatsa uku ne, ruwa zai taru can, shukar can ta yi rawaya, ta wancan gefen ta yi yaushi, mutum ya ɗauka cuta ce ya je ya sayo magani. Kafin a shuka komai a zuba ruwa a tsaya a kalli inda ya kwanta, a gyara da fartanya. In damina ta dawo, ko wurin mai riƙe ruwa ne, sai a koma kunya.

To ruwa, wanda shi ne uwa uba. Lissafinsa ba wuya, amma ba kasafai ake yinsa ba kafin a kafa ƙungiya. A lokacin sanyi murabba'in mita ɗaya na kayan lambu yana shan kamar lita 5 a rana, da bazara ta shigo, Maris da Afrilu, ya kai lita 8. Fangali mai mita 1 da mita 4 ke nan yana son lita 20 a sanyi, wato kusan jarka ɗaya mai lita 25, a bazara kuma lita 32. Idan ku 20 ne, kowa da fangali 5, kuna da fangali 100: lita 2,000 kullum a sanyi, lita 3,200 a zafi. Rijiyarku tana iya bayar da wannan? Kada a auna ta a Oktoba lokacin da take cike. A tambayi masu ɗiba yadda take a watan Afrilu, guga nawa ake ja kafin ta ƙafe, awa nawa take yi kafin ta dawo. Girman lambu a yanke shi daidai da ruwan Afrilu. Na fi son in ga fangali 40 kore shar da in ga 100 sun ƙone ana saura sati uku a fara tsinka.

Abu biyu suna rage shan ruwa sosai. Na farko rufe fuskar ƙasa. Ɓuntun shinkafa da tattakar shinkafa, waɗanda a Argungu da Suru har ƙone su ake yi, a shimfiɗa kaurin yatsa uku bayan shuka ta kama, a bar ɗan fili a gindinta kada ya taɓa kara. A sama za a shimfiɗa, kada a cakuɗa ɗanyen ɓuntu da ƙasa, don yayin da yake ruɓewa yana janye abincin da shuka take buƙata, ganye ya koma ɗorawa. A riƙa ɗagawa ana duba gara. Na biyu tulun ƙasa, wanda ba a shafa masa siminti ko fenti ba. A binne shi har wuya, a cika da ruwa, a rufe bakin saboda sauro da ƙura, a dasa tumatir ko tattasai huɗu kewaye da shi, tazarar kamar kamu ɗaya daga jikinsa. Ruwa yana tsatsafowa kaɗan-kaɗan daidai inda saiwa take, a riƙa ƙarawa duk kwana biyu ko uku. Ga matan da suke lambu a bayan ɗaki da ruwan saye, wannan ya fi komai sauƙi. Ban-ruwa kuwa da sassafe ko bayan la'asar.

Bari in matso da kyamara nan. Wannan shi ne abin da nake so mu ɗauka daga mutanen nan hannu bibbiyu: ba sa zubar da ganye ko ɗaya. Ku kalli launin takin nan da suke haɗawa da shi, baƙi-baƙi, yana marmashewa a hannu, ƙamshinsa kamar na ƙasa bayan ruwan fari. Wata shida da suka wuce ɓawon dankali ne da ciyawa. A wurinmu saboda zafi, sati 8 zuwa 10 ya ishe shi. Sai dai su tsibi suke yi a sarari, mu kuwa rami ya fi, a inuwa, don kada ya bushe. Rami biyu jere, kowanne mita 1 da rabi faɗi da tsawo, zurfin rabin mita ko ɗan fi. A ƙasa a sa karan dawa ko gero da aka sassara gajeru, kaurin kamu ɗaya. A kai ɗanyen ganye, ciyawa da ragowar kayan miya, rabin wancan kaurin. A kai kashin shanu, awaki ko tumaki, kaurin yatsa uku. A barbaɗa toka tafi biyu da 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake wani jerin har rami ya cika, a rufe da tsohuwar zana. A caka sanda har tsakiya. Bayan kwana uku a zaro a taɓa: idan da zafi da danshi, aiki yana tafiya, kuma zafin nan idan ya kai digiri 55 zuwa 65 shi ne yake kashe 'ya'yan ciyawa da ƙwayoyin cuta. Sanda ta fito sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. Ta fito da wari da yauƙi, ruwa ya yi yawa, a ƙara kara a juya. Duk sati biyu a juye shi zuwa rami na biyu. Idan ya nuna, bokiti ɗaya ga kowane murabba'in mita, a haɗa da ƙasar sama sati ɗaya kafin dashe. Ɗanyen kashin kaji kada ya shiga fangali kai tsaye, ƙone saiwa yake yi.

Takin juji ma a tsince shi da kyau, a fitar da leda, kwalba, musamman mataccen batir. Kuma 'yan uwanmu na Zamfara, wannan maganar taku ce. Ba mu manta gubar dalma ta 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum ba, wadda ta ci rayukan ɗaruruwan yara. Duk inda aka taɓa niƙa ko wanke dutsen zinariya, kada a yi lambu a wurin, kada a ɗebo ƙasa ko taki daga can. Dalma ba ta ruɓewa, kuma ido ba ya ganinta.

Renon iri yanzu ne lokacinsa. Kafin a zuba, a gwada: ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa kwana 7 zuwa 10. Idan waɗanda suka tsiro ba su kai 14 ba, irin ya yi rauni. Irin albasa musamman ba ya son kwana, wanda ya haura shekara ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Mutanen Aliero ba sai na koya muku albasa ba, ku ne malamanta, amma ga sababbin hannu: sati 6 zuwa 8 a wurin reno, sai kaurinta ya kusa na fensir, a dasa tazarar santimita 10 a layi, 15 tsakanin layuka, kada a binne ta da zurfi. Idan wuyan ganyen ya fara kwantawa a janye ruwa kwana 10 zuwa 14 kafin cira, in ba haka ba a ma'ajiya za ta ruɓe. Tumatir, irin su UC82B da Roma da aka saba da su, sati 3 zuwa 4 a reno, dashe da yamma, tazarar santimita 50 zuwa 60. Idan kun ga 'ya'yan reno suna karyewa daga gindi suna faɗuwa, an cika iri wuri ɗaya kuma an cika ruwa. A zuba iri a layi, a rage ruwa, a bar iska ta ratsa. Kuma a yi ƙoƙari tumatir ya shiga ƙasa daga Oktoba zuwa farkon Disamba. Wanda ya yi fure a zafin Maris, furen zubewa yake yi, ba taki ko feshi da zai hana. Baƙin da yake fitowa a gindin ɗan tumatir shi ma ba ƙwaro ba ne, yawanci ban-ruwa ne na yau a cika, gobe da jibi a manta.

Ƙwari kuma, dogon yaro yana ƙofar kowa. A tara 'ya'yansa, a shanya, a ɓare, a daka ƙwayar. Rabin kilo a lita 10 na ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin injin feshi, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, sau ɗaya a sati. Ba ya kashewa nan take, hana su ci da hayayyafa yake yi, saboda haka tun da wuri ake farawa. Tsutsar nan da ta cinye tumatir a Arewa a 2016 cikin ganye take shiga ta yi rami, don haka duk ganyen da ya yi fari-fari kamar an kankare shi a tsinke a ƙone, kuma bayan girbi kada a bar tsohon karan tumatir a fili. Fangalin da ya ɗauki tumatir, tattasai ko yalo bana, baɗi a ba shi albasa ko masara. Idan kun tumɓuke tumatir ko kuɓewa kun ga saiwar da ƙulli-ƙulli, wurin ya kamu, a huta masa da su.

Abu na biyu da za mu ɗauka daga nan shi ne takarda. Kowa a filin nan yana da yarjejeniya a rubuce: iyakar kasonsa, kuɗin shekara, da sharaɗin cewa idan ya bar wuri ya koma jeji za a ba wani. A gida abin da yake kashe lambun ƙungiya sau da yawa ba fari ba ne. An ari fili da baki, an shekara biyu ana zuba taki, ƙasa ta yi kyau, mai fili ya ce yana son abinsa. Tun ran gini tun ran zane. A rubuta shekara nawa, aƙalla biyar, mai unguwa ko hakimi ya sa hannu, a faɗi makomar rijiya da shinge idan wa'adi ya cika. A buɗe asusun gyara tun kafin injin ban-ruwa ya lalace, kowa ya riƙa zuba wani abu duk ranar kasuwa, kuɗi a hannun mutum ɗaya, littafi a hannun wani. Layin ban-ruwa a rubuta shi, na ƙarshen tiyo ya riƙa farawa wasu ranakun, don kada kullum shi ne mai samun ragowa. Shinge kuma kafin iri: danga da ƙaya tukuna, a jera zogale da lalle ta ciki, akuya ɗaya a dare ɗaya tana gamawa da renon mutum 20.

Sannan kada kowa ya shuka abu ɗaya rana ɗaya. Alayyafo sati 3 zuwa 4 ake fara yankansa, latas ma ba ya daɗewa, saboda haka a raba ku gida uku ko huɗu, kowane gida ya zuba iri sati biyu bayan na gabansa. Da haka miya ba ta yankewa a gidaje, kuma ba za ku kai kaya kasuwa rana ɗaya ku karya wa juna farashi ba. Tumatirin da ya yi yawa a yanka kauɗa, a shanya a kan gado ko zana da aka ɗaga daga ƙasa, a lulluɓe da gidan sauro saboda ƙuda da rairayi.

Ruwa ya fara saukowa, bari in rufe takin nan da buhu kada ya jiƙe. Wanda yake da rijiya ya auna mini gugarsa lita nawa ce da kuma guga nawa yake samu a Afrilu, ya rubuto, mu lissafa fangali nawa za ta ɗauka. Allah ya ba mu rani mai albarka. Sai an jima.