Amsoshin Tambayoyinku: Haruffan Italik Masu Ƙafa na Manyan Kanu

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonninku na wannan makon yawanci a kan abu ɗaya suke, wato haruffan nan masu karkata da ake gani a bangon mujallu da kwalaben turare, to bari mu shiga kai tsaye.

Wani mai sauraro ya rubuto yana cewa, shin italik ɗin nan ba harafi ba ne kawai da kwamfuta ta karkatar? A'a malam, ba haka ba ne, kuma wannan abin yana damuna don mutane da yawa haka suka ɗauka. Italik na gaskiya zana shi ake yi daban tun daga tushe. Asalinsa daga birnin Benis ne a Italiya, a 1501 wani mai buga littattafai Aldus Manutius ya fitar da littafin waƙoƙin Virgil da shi, wanda ya sassaƙa masa haruffan kuwa Francesco Griffo ne, kuma rubutun hannun malaman zamanin suka kwaikwaya, shi ya sa har yau in ka duba sai ka ga kamar alƙalami ne ya bi ta wurin. A lokacin ma manyan baƙaƙen a miƙe suke, ƙananan ne kawai suka karkata. Ga gwaji mai sauƙi, ka rubuta harafin a da harafin f ka danna italik. In na gaske ne a ɗin zai koma ƙwallo ɗaya da 'yar jela irin yadda muke rubutawa da hannu, f kuma zai miƙa ƙafarsa ƙasa da layi. In ka ga a ɗin yana nan da hularsa an dai tura shi gefe, o kuma ya zama kamar an matse shi, to sau da yawa kwamfuta ce ta ƙaga maka don salon da ka zaɓa ba shi da italik nasa.

Sai wata 'yar'uwa da ke haɗa dizain, ta ce ta yi amfani da Bodoni italik a katin gayyata, a sikirin ya yi kyau sosai amma da aka buga sai ƙananan rubutun suka kakkarye ba a iya karantawa. To malama laifin ba na firinta ba ne kaɗai. Irin haruffan Giambattista Bodoni na birnin Parma a Italiya da Firmin Didot na Faransa, waɗanda suka fito wajen ƙarshen ƙarni na 18, kyansu gaba ɗaya yana wurin bambancin kauri ne, sanda ɗaya mai kauri ɗayar kuma siririya kamar gashi, ƙafafun harafin ma, wato 'yan layukan da ke ƙarshen sandunansa, siraran layuka ne. Da girma wannan bambancin shi ne ƙawar, shi ya sa mujallu irin Vogue da Harper's Bazaar suka riƙe wannan salon a sunayensu. Amma da kin rage girman sai siraran su ɓace, balle in farin rubutu ne a kan baƙi ko kan hoto, tawada ta ɗan bazu ta cinye su. Zamanin da ake buga rubutu da haruffan dalma kowane girma sassaƙarsa daban, na ƙanana ana ƙara musu kauri da tazara, yanzu kuwa zane ɗaya muke ja muna ragewa. Don haka sunayen da kanun ki ba su italik ɗin da girma, adireshi da lokaci da lambar waya ki sa su a salon da aka yi don dogon karatu, kuma ki buga gwaji ɗaya a kan ainihin takardar kafin a buga duka.

Akwai wanda ya tambaya ko zai iya rubuta sunan kamfaninsa duka da manyan baƙaƙe masu lanƙwasa ɗin nan. Ni dai ban ba ka shawara ba. An yi su ne don harafin farko, in suka jeru jelunansu sai su sarƙe.

Tambaya ta ƙarshe, wani ɗalibi ne yake neman na kyauta don ba shi da halin saye. Akwai, kuma masu kyau ne wallahi. A shafin intanet na Google Fonts ka nemi Playfair Display na Claus Eggers Sørensen, italik ɗinsa yana da kyau a kanu, sai Cormorant na Christian Thalmann wanda ya ɗauko ruhinsa daga tsohon salon haruffa na Garamond, shi kam siriri ne ƙwarai sai da girma sosai yake nuna kansa. Lasisinsu ya yarda ka yi aikin kasuwanci da su, amma duk salon da ka sauke a wani wuri ka karanta sharuɗɗansa tukuna. Sannan kafin ka yi nisa da aiki ka rubuta ɓ da ɗ da ƙ a cikin italik ɗin ka gani, don in salon ba shi da su kwamfuta za ta aro daga wani salon ta cusa a tsakiyar kalma, sai ka ga harafi ɗaya ya miƙe ko ya yi kauri shi kaɗai a cikin kanun.