Amsoshin Tambayoyinku: Kada a Tsakiyar Sahara

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani malamin makaranta a Damagaram. Ya ce ya ji wai akwai kada a tsakiyar hamadar Sahara, shin gaskiya ne ko tatsuniya? In gaskiya ne, a wane ruwa yake zaune, wa kuma ke lura da shi?

To Malam, mun gode da wasiƙa. Ba tatsuniya ba ce. A tsaunukan Ennedi da ke arewa maso gabashin Chadi, wajen garin Fada, akwai wani kwazazzabo mai suna Arshe. Ruwa na taruwa a kwarmin dutse a gindinsa, irin wanda Larabawan yankin ke kira gelta. Dutse ba ya tsotse ruwa yadda yashi ke yi, ga dogayen duwatsu sun yi masa inuwa dama da hagu, don haka ruwan kan kai wata damina bai ƙafe ba. Kadojin da ke ciki ragowar zamanin da Sahara ke da koguna da tafkuna ne, fiye da shekara 5,000 da suka wuce. Yanzu 'yan ƙalilan suka rage a Arshe. Akwai 'yan uwansu a Matmata, cikin yankin Tagant na Muritaniya.

Abin da zai ba ka mamaki, Malam, raƙuma ne ke ciyar da su. Makiyaya na kawo garkuna shan ruwa, kashin raƙuma ya zuba har ruwan ya yi baƙi, gansakuka ta tsiro, kifi ya ci, kada kuma ya ci kifin. Shi ya sa mu dai a ganinmu, duk mai cewa a kori makiyaya domin a ceci kada bai san Arshe ba.

Batun lura kuwa, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya Ennedi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, daga baya gwamnatin Chadi ta damƙa kula da gandun Ennedi ga African Parks, ƙungiya mai kula da gandun namun daji a Afirka. Aikin sa ido a irin waɗannan ruwaye ba na gaggawa ba ne. Ana auna zurfin ruwa bayan damina da kuma ƙarshen bazara, a ga nawa ya ja baya. Ana ɗaura kyamara a jikin dutse, wadda ke ɗaukar hoto da zarar wani abu ya gifta, a san wace dabba ke zuwa da kuma lokacin zuwanta. Kada kuwa da dare ake ƙidaya shi, a haska tocila, idanunsa su yi ja a kan ruwa. Sai bin sawu da safe kafin garke ya tattake shi, kuma a nan ɗan makiyayi ya fi mai digiri ido.

Sai wata baiwar Allah daga Agadez da ke tambaya ko irin waɗannan ruwaye na Abzin ma suna da kada. A'a Hajiya, babu. Amma ruwan na nan, kamar na kusa da garin Timiya inda yake zubowa daga saman dutse. Diloli da birai da tsuntsaye masu ƙaura na sha a irinsu, ragon dutse ma kan sauko in sawu ya ɗauke. Gandun Abzin da Tenere ya shiga jerin UNESCO a 1991, shekara guda bayan haka aka sanya shi cikin wuraren da ke fuskantar haɗari, saboda tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar. Wahalar ita ce, dabbar da ta dogara da ruwa ɗaya tak ba ta da wurin ɓuya, mafarauci ya san inda zai jira ta.

Bari mu ɗan shaƙata, sannan mu buɗe wasiƙa ta gaba.