Robar fitsari ta musamman: aikin nas ne ko na likita?

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya, na Jidda da na Makka da Madina, da masu shirin tahowa daga gida. Likita ya rubuta a saka wa dattijo robar fitsari mai lanƙwasasshen baki, kai ne a bakin aiki, likitan mafitsara kuma yana ɗakin tiyata. Ka saka, ko ka jira?

Robar da muka saba da ita dai ita ce ta Foley, mai sunan likitan Amurka Frederic Foley: miƙaƙƙiya, mai hanya biyu, ɗaya ta fitsari, ɗaya ta hura balan-balan da ruwa mililita 10. Saka ta aikin nas ne a yawancin wurare, muddin likita ya rubuta. Illa dai a asibitocin Saudiyya da dama, namiji ne ke saka wa namiji, mace ta saka wa mace.

Mai lanƙwasar nan, kude, an yi ta ne don mazan da furostet ɗinsu, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara, ya kumbura ya tokare hanya. Hanyar fitsarin namiji ta kai kusan santimita 20, ta mace kusan 4, kuma ta namijin tana da kwana a daidai furostet. Bakin robar sama yake kallo tun daga farawa har ta shige, ba a murza ta. Idan ta juya, sai ta soki bangon hanyar ta buɗe wata ta ƙarya, jini ya ɓalle, aikin da zai yi minti goma ya koma na tiyata. Shi ya sa wani asibitin yake barin nas ya saka bayan horo, wani kuma ya ce sai likita. Duka biyun akwai su, kuma kowanne yana da hujjarsa.

To wa ke yanke hukunci? Hukumar SCFHS, mai kula da rajistar ma'aikatan lafiya a Saudiyya, wadda aka kafa a 1992, ita ke tantance takardunka ta ba ka matsayi da rajista. Amma rajistar ba ta zayyana maka roba kaza da roba kaza ba. Dokar aikin lafiya ta ƙasar, ta shekarar 2005, ta hana ma'aikaci yin abin da ya wuce fanninsa ko iyawarsa sai a halin gaggawa. Iyawar kuwa asibiti ne ke shaidarta. Kowane asibitin da CBAHI, hukumar tantance ingancin asibitocin ƙasar, ke tantancewa yana da rubutacciyar ƙa'idar aiki, kowane nas kuma yana da fayil ɗin ƙwarewa da ake sa wa hannu bayan an ga aikinsa da ido. Idan ƙa'idar ta yarda, fayil ɗinka ya nuna, likita ya rubuta, bismillah. Idan ɗaya ya ɓace, kira likita.

A nan ne wasunmu ke tuntuɓe. Mutum ya yi shekaru yana saka kude a Kano ko Zariya, hannunsa ya faɗa, sai ya ga kamar raini ne a ce sai an sake duba shi. Ni dai a ganina, gara ka nemi shugabar sashe ta tsaya a kanka ta sa hannu. Ranar da aka samu matsala, kwamitin bincike fayil zai buɗe, ba zai tambayi shekarunka a gida ba.

Mai hanya uku kuma ta wanke mafitsara ce, bayan tiyatar furostet ko in gudajin jini sun toshe. Kauri gare ta, lamba 20 zuwa 24, alhali ta yau da kullum 14 ce ko 16. Galibi likita ke saka ta, nas ya lura da ruwan da ke shiga da wanda ke fita.

Ko an yarje maka, akwai inda ake tsayawa. Ka ji turjiya, kada ka danna. Fitsari bai fito ba, kada ka hura balan-balan, don in ya kumbura a cikin hanya yaga ta zai yi. Wanda ya yi haɗari ƙugunsa ya karye, ga jini a bakin mafitar fitsari, ba a taɓa shi sai likita ya duba.

Saura wadda ake hudawa ta mara. Sakawar farko tiyata ce, babu ruwan nas a ciki. Canji na baya, bayan makonni ramin ya kafu, asibitoci da yawa suna barin nas mai horo ya yi. Masu jinyar tsofaffi a gida, ku riƙe wannan: in irin wannan robar ta fice, ramin yana iya rufewa cikin 'yan sa'o'i, don haka a rufe wurin da bandeji mai tsabta a nufi sashen gaggawa, kada a bari sai gari ya waye.