Gawon da ke cikin zanen: laccar da aka gabatar a wajen baje kolin zane-zane a Bauchi

Assalamu alaikum. Iyayena da ke zaune nan gaba, malamai, da ƙannena ɗalibai, barkanku da zuwa. Tun safe ina tsaye bakin ƙofa ina lura da masu shigowa. Mutum ya zo gaban wannan zane, ya ɗaga waya, ƙyas, ya wuce. Ko numfashi uku bai yi a wurin ba. Abin ya dame ni, domin yaron da ya zana shi ya yi makonni yana fama da shi. Saboda haka yau a kan wannan zanen kaɗai za mu tsaya, wanda ke nuna duwatsun Shira da gonakin da ke gindinsu.

Bari in fara da abin da na san yana ran wasunmu. Wani dattijo ya ja ni gefe ɗazu ya ce, "Malam, shin zane ba haramun ba ne?" Baba, tambayarka tana kan hanya. A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito cewa wani mutum mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, sai ya gargaɗe shi game da surar abu mai rai, sannan ya ce masa in dole ne ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Ku duba bangon nan: dutse ne, da gona, da sama. Ku saki jiki ku kalla.

To, wane lokaci ne na shekara a cikin zanen? Kar kowa ya karanta takardar da ke gefe. Ku dubi bishiyoyin nan biyu. Kukar da ke hagu tsirara take, ba ganye ko ɗaya, sai 'ya'ya suna reto. Gawon da ke dama kuwa ya yi kore shar. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san halin gawo: da damina yake kakkaɓe ganye, da rani yake tofowa, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, kuma makiyayi ke nemansa. Ashe rani ne. Ga kuma tarin kara an jingina, ba a kai ga kwashewa ba, wato ba a daɗe da gama girbi ba. Kun ga, babu wanda ya je jami'a kafin ya gane wannan. Baƙon da ya zo daga Turai zai ce bishiyar ta yi kyau, ku kuwa kun karanta watan da ake ciki. Wannan ilmi naku ne, kar ku ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalma.

Sai inuwa. Ta miƙe doguwa, hasken kuma ya yi ja-ja kamar an yayyafa manja a kan karan. Ba hantsi ba ne, hasken hantsi ya fi wannan fari. La'asar ce sakaliya.

Inda nake so mu daɗe shi ne kan duwatsun. A makarantun zane ana koyar da cewa abin da ke nesa a sa masa shuɗi-shuɗi, a rage masa kaifi, saboda iskar da ke tsakaninka da shi tana sauya launinsa. Shahararren mai zanen nan na Italiya, Leonardo da Vinci, ya rubuta wannan tun shekara 500 da suka wuce, kuma gaskiya ne, ko nan da damina in an ɗauke ruwa ka hangi Dutsen Zaranda za ka gan shi shuɗi. Amma hazo ba ya bin wannan ƙa'ida. Ƙurar da iskar hunturu ke ɗebowa daga Sahara tana mayar da nesa ruwan toka mai haɗe da ruwan ƙasa, tana cinye gindin dutse ta bar kansa kamar yana lilo a sama. Abin da yaron nan ya yi ke nan. Da ya bi littafi da ya ba mu dutsen wata ƙasa. Ya bi idonsa, sai ya ba mu Shira. Ni a wurina nan ne darajar zanen take, kuma da na fara ganinsa sai da na ji leɓena kamar zai tsage, irin na sanyin Janairu.

Kar ku ɗauka tsayawa kan tarin kara ƙaramin aiki ne. A Faransa, tsakanin 1890 da 1891, Claude Monet ya zana tarin alkamar maƙwabcinsa har sau 25, da safe, da yamma, cikin ƙanƙara, don kawai ya kama yadda haske ke sauyawa a kansa. Yau manyan gidajen tarihi na duniya ke taƙama da su. Karan dawarmu bai gaza alkamarsu ba.

Akwai inda ban gamsu ba a zanen namu, kuma na gaya wa yaron. Burtalin nan da ya ratsa tsakiya ya yi santsi da yawa, kamar an share shi. Burtalin gaske akwai sawun kofato, akwai kashin shanu, gefensa kuma manoma sun ɗan ci. Ya ce zai koma ya sake dubawa.

Yanzu ku taso biyar-biyar. Ku fara tsayawa nesa, kamar taku shida, sannan ku matso har ku ga sawun burushi, inda fentin ya yi kauri a jikin kukar da inda ya bar shi sirara a sama. Don Allah kar a taɓa, gumin hannu yana ɓata fenti. Hajiya, ku fara zuwa da ɗalibanki mata. Akwai wani ɗan baƙin abu da ya maƙale a ƙayar gawon, can ƙasa ta dama, ina so in ji abin da za su ce shi ne.