Albarrasin, Garin Banu Razin a Duwatsun Sifaniya

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka ɗauka a zauren taro, an rage maimaici irin na maganar baka.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

In aka ce Andalus, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne masallacin Kurɗuba da fadar Alhamra ta Garnaɗa, kuma sun cancanci a tuna da su. Amma yau arewa zan yi da ku, can cikin duwatsu, zuwa wani ɗan gari da mutanensa ba su wuce 1,000 da 'yan kai ba. Sunansa Albarrasin, a lardin Teruwel na yankin Aragon, kamar kilomita 38 yamma da birnin Teruwel ɗin. Na zaɓe shi ne saboda akwai abin da ya tsaya mini a rai game da shi: mutanen nan sun iya riƙe gininsu fiye da yadda na gani a ko'ina, amma riƙe 'ya'yansu a garin yana neman ya gagare su.

Bari mu fara da wurin. Garin yana sama da mita 1,100 daga doron teku, a kan wani dutse mai tsini da kogin Guadalabiyar ya yi wa ƙawanya ta ɓangare uku. Kogin nan shi ne yake gangarawa ya wuce Teruwel, sunansa ya koma Turiya, ya faɗa teku a Balensiya. Ta ɓangare uku ke nan ruwa da kwazazzabo sun riga sun yi aikin ganuwa. Saura ɓangare ɗaya, na arewa, inda tudu ya fi garin tsawo. To ku dubi hoton nan. Kun ga ganuwar ta bar gidaje a ƙasa, ta hau tudu ita kaɗai, ba gida ko ɗaya a cikinta? Ba ɓarnar dukiya ba ce. Duk wanda ya riƙe wannan tudun ya riƙe garin, domin daga can zai riƙa sako duwatsu a kan rufin mutane. Shi ya sa suka kai ganuwar har ƙololuwa, inda hasumiyar Andador take, wadda Musulmi suka gina tun ƙarni na 10. Filin da ke ciki kuma yakan ɗauki dabbobi in an yi wa garin ƙawanya.

Su wa suka kafa shi? Wani gida ne na Barbar daga ƙabilar Hawwara, ana ce musu Banu Razin, kuma daga sunansu ne sunan garin ya fito. Suna riƙe da wannan iyaka a ƙarƙashin Umayyawan Kurɗuba. Da halifancin ya fara wargajewa, kowane gwamna ya ja nasa, sai Huzailu ɗan Khalaf ya tsaya da kansa wajen shekarar 1012. Masarautar ƙarama ce ƙwarai, ga Zaragoza ta arewa, ga Ɗulaiɗila ta yamma, ga Balensiya ta gabas, kowacce ta fi ta ƙarfi, amma ta yi shekara kusan 90. Ɗan Huzailu, Abdulmalik, shi kaɗai ya yi mulki daga 1045 zuwa 1103. A zamaninsa ne ya riƙa biyan haraji ga jarumin nan Kirista, El Sid, don a bar shi ya zauna lafiya. Wannan shi ne halin da sarakunan ɗawa'if, wato ƙananan masarautun da suka ɓalle bayan wargajewar halifancin, suka jefa kansu, Musulmi yana biyan baƙo kuɗi don ya tsare shi daga maƙwabcinsa Musulmi, kuma duk mai karanta tarihin wannan ƙarni sai zuciyarsa ta sosu.

Akwai wani abu ƙarami da ya rage daga gidan nan, yana gidan tarihi na Teruwel. Wata 'yar kwalbar turare ce ta azurfa, an zana mata rubutun Larabci, Abdulmalik ya sa aka ƙera wa matarsa Zahr. Ba ta fi a riƙe a tafin hannu ba. Ina so duk wanda ya je ya tsaya ya gan ta kafin ya hau dutse, saboda in ka isa ƙasabar sarakunan, wato fadarsu mai ganuwa, a Albarrasin, tushen bango da shatar ɗakuna kawai za ka tarar. Kwalbar ce za ta nuna maka irin hannun maƙeran da suka zauna a ɗakunan nan.

A 1104 Murabiɗun, waɗanda suka taso daga yammacin Sahara, suka tuɓe na ƙarshen Banu Razin. Bayansu garin ya shiga hannun Ibn Mardanish, sarkin Musulmi na Mursiya, shi kuma wajen 1170 ya miƙa shi ga wani jarumin Kirista daga Nabara, Pedro Ruiz de Azagra. Ku lura, ba da yaƙi garin ya fita hannun Musulmi ba, kyauta aka yi da shi a cikin lissafin siyasa. Gidan Azagra su ma suka ƙi bin kowa, ba Kastila ba Aragon, har suka samo wa garin bishop nasa a 1172. Sarki Jaime na Ɗaya na Aragon ya yi masa ƙawanya a 1220, ya tashi bai ci ba. Sai a 1284 Pedro na Uku ya karɓe shi bayan doguwar ƙawanya, a 1300 kuma aka haɗe shi da masarautar Aragon. Musulmi ba su ƙare a yankin nan take ba. Sun ci gaba da zama ƙarnuka a ƙarƙashin mulkin Kirista, su ne magina da manoman fadama, har aka tilasta musu barin addini, daga baya a 1610 aka kore su daga Aragon. Ƙauyen Gea da ke kan hanyarka ta zuwa Albarrasin, galibin mutanensa a wannan shekara aka fitar da su.

Yanzu mu shiga garin. Mota a ƙasa ake barinta, bakin kogi, sauran kuma ƙafa ce da matakala. Lungunan ƙunci gare su, wani wurin in ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa bango da bango. Tunda fili ya yi kaɗan a kan dutsen, sai suka riƙa faɗaɗa gida ta sama: ƙasa dutse, bene na farko ya ɗan leƙo kan hanya, na biyu ya fi shi leƙowa, har indararon gidan nan ya kusa gaisawa da na wancan. Akwai wani gida da ake kira Julianeta, a mahaɗar lungu biyu, ya karkace ta ko'ina kamar yanzu zai zube, alhali ya yi ɗaruruwan shekaru a haka. Tagogi da ragar ƙarfe aikin maƙera, a ƙofofi kuma za ka ga abin ƙwanƙwasawa an ƙera shi da siffar ƙadangare. Cocinsu babba ginin ƙarni na 16 ne.

Amma abin da ido ke fara kamawa launi ne. Garin ja ne, ja mai laushi, da hantsi kala daban da la'asar kala daban. Ba fenti ba ne. Farar ƙasar gini ce da suke haƙowa a duwatsun yankin, mai ɗauke da sinadarin ƙarfe da ke ba ta jan launi, a gasa ta a murhu, a daka, a kwaɓa, a yi yaɓe da ita a kan firam ɗin katako. Ba ta da nauyi, kuma in katako ya motsa saboda sanyi da zafi tana binsa. Da siminti ne, da ya tsage ya riƙe danshi ya ruɓar da katakon. A nan nake so mu daɗe, domin nan ne darasin ginin yake.

Garin nan bai zo mana lafiya ƙalau ba. A yaƙin basasar Sifaniya an gwabza a cikinsa a 1937, gidaje da yawa sun rushe, mutane suka yi ta ƙaura. A 1961 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa, kuma wani masanin tona tarihi ɗan yankin, Martin Almagro, ya tsaya tsayin daka a kan a gyara shi. Sanya suna a takarda ba ya ɗaga bango. Abin da ya yi aiki shi ne daga ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe makarantun koyon sana'a a cikin garin, aka ɗebi samari marasa aikin yi ana koya musu gini da kafinta da ƙira, kuma ajinsu shi ne gidajen da suka lalace. Yaro yana koyo, gida yana tashi. Daga wannan ne aka kafa gidauniyar Santa Mariya ta Albarrasin a 1996, wadda ta ci gaba da gyaran manyan gine-gine, tana kuma horar da masu gyaran kayan tarihi. Dokar gari kuma ta hana kowa ya yi wa gaban gidansa yadda ya ga dama.

Na san abin da ke ran wasunku, don ni ma yana raina. A lissafin tarihin Kano, Sarki Gijimasu da ya fara ganuwa ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Wato a shekarar da Murabiɗun suka shiga Albarrasin, a zamanin ne ake ɗora harsashin badalarmu. Sa'o'in juna ne. Yau je ka duba tamu, wani wuri an yanka filaye, wani wuri an ɗebe ƙasar an yi bulo. Za a ce ai tasu dutse ce tamu ƙasa, kuma gaskiya ne ƙasa tana son yaɓe a kai a kai. To wannan ai hujja ce a kanmu. Ginin da ke son hannu kullum, magini yake so kullum, mu kuma mun bar gidajen magina na gado suna ƙarewa ba mu ɗauki yaro ko ɗaya mun biya shi ya koya ba. Ina roƙon waɗanda ke da faɗa a ji a wannan zaure su riƙe wannan.

Sai dai kada in bar ku da rabin labari. Na ce riƙe mutane yana neman ya gagare su. Lardin Teruwel gaba ɗayansa mutum kamar 9 ne a kowace murabba'in kilomita, a duwatsun Albarrasin kuwa kamar 3. Tun shekarun 1950 da 1960 matasa suke gangarawa Balensiya da Barsalona da Zaragoza neman aikin masana'anta. Sanyin wurin ma ba wasa ba ne, a Kalamocha da ke lardin an taɓa auna digiri 30 ƙasa da sifili a Disambar 1963. Har ta kai mutanen lardin suka kafa ƙungiya a 1999 mai taken cewa Teruwel fa tana nan, saboda sun ga an manta da su a hanya da jirgin ƙasa da asibiti, a 2019 kuma suka ci kujera a majalisar ƙasa. A Albarrasin kanta, ranar Asabar lungu ba ya biyuwa don baƙi, amma ka kwana zuwa Talata cikin hunturu ka ga tagogi nawa ne ke da haske. Gidaje da yawa sun koma masaukin baƙi, haya ta yi tsada, sabon aure sai ya sauka unguwar ƙasa ko ya tafi Teruwel. A ganina wannan rauni ne babba. Yawon buɗe ido yana kawo kuɗin yaɓe, amma makarantar firamare da yara take rayuwa, kuma baƙon kwana biyu ba ya kawo ɗansa aji.

Waɗanda suka fi burge ni a yankin ba a cikin ganuwa suke ba. Makiyaya ne na ƙauyukan sama, irin su Guadalabiyar. Dukiyar da ta gina manyan gidajen Albarrasin daga ulun tumaki ta fito, kuma har yau akwai 'yan gidaje da in Nuwamba ta kama, kafin ƙanƙara ta rufe makiyaya, sukan kora dubban tumaki a ƙafa zuwa kudu, tafiyar sama da mako uku, har lardin Jayyan, garin su Ibn Malik mai Alfiyya. In bazara ta yi su dawo. Burtalin da suke bi yana da kariya tun zamanin ƙungiyar makiyaya ta Mesta da aka kafa a 1273, faɗin babban burtali kamar mita 75, kuma dokar 1995 ta sake tabbatar da cewa mallakar jama'a ne, ba mai ikon nome shi ko ya yi gini a kai. Akwai ɗan gidan tarihi na wannan ƙaura a Guadalabiyar ɗin. Ga mai sauran ƙarfi kuma, kusa da gari akwai dajin Rodeno mai jajayen duwatsu da zanen mutanen farko, da magudanar ruwa ta Rumawa mai tsawon kilomita kusan 25 zuwa garin Sella, wadda aka fafe wani sashenta a cikin dutse.

Shugaban taro yana duban agogo, kuma an miƙo mini takarda da tambayar wata 'yar'uwa a kan abinci da salla ga wanda zai je. Malama, tambayarki tana da muhimmanci. Teruwel ta yi suna ne da busasshen naman alade, kuma kitsensa yana shiga abincin da ba za ki zata ba, har wake da soyayyen garin burodi. Sai kin tambaya kafin ki ci. Akwai kifin kogi, akwai cukun tumaki mai kyau, akwai ƙwai da dankali. Kiran salla ba za ki ji ba, ki tafi da dardumarki da abin duba alƙibla, ki kuma lura rana tana daɗewa ba ta faɗi ba a watan Yuni da Yuli. Hanya ta fi sauƙi daga Balensiya, kamar awa biyu a mota. Ki zaɓi Mayu ko Oktoba, tsakiyar mako, da takalmi mai kama ƙasa da rigar sanyi ko da rana ta fito. Wanda ke da ciwon gwiwa ya tsaya a dandalin gari, hawan ganuwar yana da tsauri kuma wasu wuraren ba abin dafawa.

Sauran tambayoyin sai bayan salla in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.