Shekara Huɗu Ina Shiga Wannan Ɗakin: Shin Matakai Goma Sha Biyu Suna Raba Mutum da Shaye-shaye?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Yau ba za ku ga fuskata ba. Na juya kyamarar tana kallon gilashin mota, abin da za ku gani sai ruwan sama da fitilar waccan ƙofar ta gefe. Da gangan na yi haka. Mutanen da ke taruwa bayan ƙofar nan suna da ƙa'ida: ba a fitowa duniya da fuska da cikakken suna a ce ni ɗan ƙungiyar ne, kuma ba a ɗaukar hoton kowa a ciki. Ina girmama wannan ƙa'ida, domin ita ce ta ba ni ƙarfin halin shiga ranar farko. Sannan ku sani, ba da yawun kowa nake magana ba, da bakina nake yi.

Wata baiwar Allah ce ta aiko min saƙo a kan ƙaninta. Ta ce likita ya ba shi shawara ya riƙa zuwa taron masu matakai goma sha biyu, ita kuma tana so ta ji gaskiya: abin yana aiki, ko zaman hira ne kawai? Yaya, wannan bidiyon naki ne. Saura minti arba'in a fara zama, bari in yi amfani da su.

Ga wannan abin da ke hannuna, bari in matso da shi. Ɗan farin roba ne na maƙala makulli, duk ya goge, rubutun jikinsa ma ya kusa ɓacewa. Shi ake ba mutum ranar da ya fara zuwa, ko ranar da ya dawo bayan ya koma ruwa. Guda uku gare ni, har da wannan. Ma'ana sau uku ina farawa daga farko.

Ni ƙwaya ce ta kama ni, ba giya ba. Na ji ciwo a baya a wurin aiki nan Amurka, aka rubuta min maganin kashe zafi mai ƙarfi, irin dangin ofiyom. Ciwon ya warke, ƙwayar ta zauna. Wata bakwai bayan nan na tsinci kaina ina ƙirga ƙwaya a tafin hannu cikin banɗaki da ƙarfe uku na dare, famfo a buɗe don kada matata ta ji ƙarar kwalbar. In ban sha ba, gumi, gudawa, hamma ba iyaka, ƙafafu su ƙi tsayawa wuri ɗaya, ƙashi kamar ana sara. A lokacin ba daɗi nake nema ba, so nake in tashi in je aiki kamar kowa.

To ina abin ya samo asali? A shekarar 1935, a garin Akron na jihar Ohayo, mutum biyu da giya ta ɗaiɗaita suka haɗu: Bill Wilson, mai harkar hannun jari daga Niyok, da Bob Smith, likitan tiyata. Bill ya lura cewa duk lokacin da yake magana da wani mashayi ɗan uwansa, ƙishirwar giyar tana lafa masa. Daga nan aka haifi Alcoholics Anonymous, wato AA. A 1939 suka fitar da littafin da ya jera matakan. A 1951 aka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya, a 1953 kuma Narcotics Anonymous, NA, ta fara a Kalifoniya domin masu ƙwaya. Ba a biyan kuɗin shiga, ba rajista, ba likita a gaba. Kujeru ne a zagaye, da mutanen da suka san abin a jikinsu.

Matakan ba zan karanto muku su duka ba. Na farko shi ne ka yarda abin ya fi ƙarfinka. Na biyu da na uku, ka miƙa lamarinka ga wani iko da ya fi naka. Na huɗu, ka zauna da biro da takarda ka yi wa kanka hisabi. Na biyar, ka karanta wa wani mutum ɗaya abin da ka rubuta. Na takwas da na tara, ka lissafa waɗanda ka cuta ka je ka gyara, sai fa in zuwan zai ƙara cutar da su. Na ƙarshe, ka juya ka kama hannun wanda ya shigo bayanka.

Yanzu tambayar Yaya. In kin tambayi mutanen cikin ɗakin nan, kowa zai ce miki yana aiki, ga shi nan da ransa. Amma wannan ba hujja ba ce, kuma ni ma da nake cikinsu ina faɗa. Waɗanda kike gani a kujera su ne waɗanda abin ya karɓa. Wanda ya zo sau biyu ya ga ba zai iya ba, ba ya nan balle ki tambaye shi. Shi ya sa masu bincike suke raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, wasu a bi da su wannan hanya, wasu wata, sannan a dawo bayan shekara a ga yadda aka kwashe.

An yi irin wannan babba a nan Amurka, Project MATCH, mutum 1,726, sakamakon ya fito a 1997. An gwada hanyoyi uku: koyar da mutum sarrafa tunani da ɗabi'a, zaburar da shi ya ga dalilin canzawa da kansa, da kuma shiryar da shi zuwa matakai goma sha biyu. Duka ukun suka taimaka, kusan kunnen doki. A 2006 cibiyar Cochrane, masu tace binciken lafiya, suka duba abin da ke ƙasa suka ce babu gamsasshiyar hujja cewa AA ta fi sauran. Shekaru ana jifan ƙungiyar da wannan magana. Sai a 2020 John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri suka sake tacewa, wannan karon bincike 27, mutum 10,565. Abin da suka samu: cikin mutum 100 da ma'aikatan lafiya suka shiryar zuwa AA bisa tsari, kusan 42 sun cika shekara ba su ɗanɗana giya ba. Cikin waɗanda aka bi da su sauran hanyoyin, kusan 35. A sauran ma'aunai, kamar yawan abin da mutum yake sha in ya sha, sun yi daidai da juna. Kuma kuɗin jinya ya ragu.

Ki riƙe wannan lissafin da hannu biyu. Hannu ɗaya: abin da mashaya suka ƙirƙira da kansu, kyauta, ya yi kafaɗa da kafaɗa da aikin ƙwararru, a wani wurin ma ya ɗara. Ɗaya hannun: ko a can ɗin, fiye da rabi sun sake sha kafin shekara ta zagayo. Don haka in ƙaninki ya zame, ba shi kaɗai ba ne, kuma ba alamar cewa ya lalace ba ce. Sannan wannan hujja mai ƙarfi ta giya ce. Ta ɓangaren ƙwaya ba ta kai haka kauri ba.

Nan ne nake so in daɗe, domin nan ne rai yake. Farin roba na farko da na biyu, na karɓe su ne ina ƙoƙarin bari da ƙarfin zuciya da zuwa taro kawai. Likita ta yi min maganar wani magani mai kwantar da ƙishirwar ƙwaya, bufurenofin, na ƙi. Dalili kuwa, wani dattijo a wani zama da nake zuwa a lokacin ya ce min duk wanda yake shan wannan bai tsarkaka ba, ya canza ƙwaya da ƙwaya ne. Mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya ya faɗa, amma maganarsa ta kusa kai ni kabari. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, in ka yi sati shida ba ka sha ba, jikinka ya manta da yawan da ya saba ɗauka. Ranar da ka zame ka sha adadin da, numfashi yana iya tsayawa. Ga kuma fentanil da ya cika ƙwayoyin bayan fage, wanda ya ninka hodar heroyin ƙarfi kusan sau 50. A ƙasar nan an yi shekarun da sama da mutum 100,000 suke mutuwa a shekara ɗaya ta hanyar shan abin da ya wuce kima. Bincike ya nuna bufurenofin da metadon suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga masu irin matsalata. Babu wani zaman da'ira da aka nuna yana yin wannan.

Karo na uku na karɓi maganin, na kuma canza ɗaki. Na zo nan. Jagorana, wato wanda ya riga ni daɗewa yake bi da ni matakan, ranar da na gaya masa ina kan magani, ko gezau bai yi ba. Ya ce shi makaniki ne, tsakanina da likitata babu ruwansa, abin da ya dame shi shi ne in ɗaga waya in ya kira. Ita kanta AA tana da rubutaccen gargaɗi cewa kada wani ɗan ƙungiya ya mayar da kansa likita. Amma ɗaki ɗaki ne, kowanne da halin mutanensa. In aka ce wa ƙaninki ya zubar da maganinsa, ya tashi ya nemi wani ɗakin, ya bar maganin a inda yake.

Masu giya ma ku ji wannan. Wanda ya daɗe yana sha kullum da yawa, tsayawa farat ɗaya yana iya jawo farfaɗiya da ruɗewa har da mutuwa. A fara da asibiti. Kuma akwai magunguna irin su naltireksan da akamfuroset masu rage ƙishirwar.

To in magani ne ya riƙe raina, me ɗakin ya yi min? Magani ya kwantar da jikina, amma bai san ƙarfe tara na daren Asabar ba, lokacin da gida ya yi shiru kuma lambar dillalin tana nan daram a kaina ko da na goge ta daga waya. A irin wannan daren na taɓa kiran jagorana, muryata tana rawa. Bai yi min wa'azi ba. Ya tambaye ni ina nake, na ce ina cikin mota a bakin wani titi da bai kamata in je ba. Ya ce in kunna mota, in bar wayar a buɗe, in riƙa gaya masa sunan kowane titi da na wuce har in isa gida. Minti ashirin da biyar ina kiran sunayen tituna. Da na tsaya a ƙofar gida ya ce in shiga in gaida iyali, sai gobe. Masu binciken ma abin da suka fi gani ke nan: babban sirrin shi ne abokan zama suna canzawa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to haka ma zama da wanda ya ajiye kayan.

Akwai abin da ya tsaya min a rai da farko, na san zai tsaya wa da yawanku. Da yawa daga cikin zaman a ƙasan coci ake yi, haya suke biya. Ana maganar Ubangiji "yadda kowa ya fahimce shi", wasu ɗakunan kuma suna rufewa da addu'ar Kirista. Ni Musulmi ne, na yi ta waswasi. Abin da na yi shi ne, in sun fara tasu sai in yi shiru in yi tawa a zuci, ba wanda ya taɓa harara ta. Mataki na biyar ya fi damuna, domin an koya mana mu rufa wa kanmu asiri in Allah Ya rufa mana. Na daɗe ina juya shi kafin na natsu cewa akwai bambanci tsakanin mai tallar zunubinsa yana alfahari da mai buɗe wa mutum ɗaya ciwonsa don neman magani. Mataki na tara kuwa ban ga baƙon abu a cikinsa ba, haƙƙin mutane ne, sai ka mayar. Na zauna gaban matata na gaya mata inda kuɗin ajiyarmu suka tafi, dala bayan dala. Ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba. A rana ta uku ta tambaye ni ƙarfe nawa ake fara zaman, ta ce kada in makara.

Wanda bai natsu da wannan ba, akwai Millati Islami, da Musulmi suka kafa a Baltimo a 1989, sun gina matakan a kan Alƙur'ani da Sunna. Wanda kuma ba ya son maganar addini ko kalmar "ya fi ƙarfina" sam, akwai SMART Recovery, tun 1994, su dabarun sarrafa tunani suke koyarwa. Na san mace ɗaya da ta bar mu ta koma can, domin ta ce ta gama rayuwarta ana gaya mata ba ta da ƙarfi, ba ta buƙatar ƙari. Tana nan lafiya, shekararta ta uku. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tilas. Ko kotunan ƙasar nan sun yanke cewa ba a tilasta wa mutum zuwa irin wannan taro ba tare da an ba shi zaɓin da babu addini a ciki ba.

Saboda haka Yaya, ki ce masa ya je. Ya gwada ɗaki uku ko huɗu kafin ya yanke hukunci, ya karɓi lambar waya ko da ta mutum biyu ce, kuma kada ya bar likitansa. In ƙwaya ce irin tawa, ki nemi naloksan, maganin da ake fesawa a hanci in numfashi ya tsaya, ki ajiye a inda hannunki zai kai cikin duhu. Ke ma akwai zaman iyalai, domin na san ba kya barci.

Ga motar jagorana can ta shigo. Wannan watan ni ke jera kujeru, kuma akwai wani yaro da ya zo makon jiya ya zauna daf da ƙofa bai cire hularsa ba, bai ce uffan ba. Ina so in riga shi shiga, in ajiye masa kujerar nan tasa. Sai mun haɗu.