"Ba ya cizo": hira kan filayen sakin karnuka a New York

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Tun makon jiya saƙonninku suke shigowa kan filayen da ake sakin karnuka babu igiya, musamman daga 'yan uwanmu mazauna yankin Bronx na birnin New York. Malam Sani, kai ne ka fi kowa zafi a kan batun.

Malam Sani: Hajiya, dole in yi zafi, domin mutane sun ɗauka cewa da zarar an kewaye fili da shinge, an kuma sa masa ƙofa biyu a jere don kada kare ya sulale, to nauyi ya sauka daga wuyan mai karen. Dokar New York ta ce a cikin jama'a kare ya kasance ɗaure da igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba. A Central Park, babban wurin shaƙatawa na birnin, an ba da dama a sake shi daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, sannan daga 9 na dare har a rufe wurin da ƙarfe 1, amma da sharaɗin yana da lasisi da shaidar allurar rigakafin ciwon haukan kare, kuma idan mai shi ya kira shi ya dawo.

Usman: Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne aka fi karyawa.

Malam Sani: Shi ne fa! Mutum ya duƙufa a kan wayarsa, karensa ya nufo ka a guje, sai ya ɗaga murya daga nesa ya ce maka ba ya cizo.

Hadiza: Ban taɓa jin mai kare ya ce nasa yana cizo ba.

Usman: Ni ma an faɗa mini haka, a daidai lokacin da bakin wandona yake cikin bakin karen.

Malam Sani: Wataƙila wandon ne ya tsokane shi. Amma ku duba, filin Ohlone da ke Berkeley a California, wanda ake yawan kira na farko a irinsa, tun 1979 yake, kuma maƙwabta ne suka fara shi. Shekara guda kafin nan, a 1978, New York ta wajabta wa mai kare kwashe kashin karensa, kuma daga baya tarar ta kai dala 250. Duk da haka har yau akwai mai juya baya kamar bai gani ba, alhali ledar tana cikin aljihunsa.

Hadiza: Usman, mun yi alkawarin shawarwari ga mai zuwa da ƙaramin kare ko da yara.

Usman: Ya nemi ɓangaren da aka ware wa ƙananan karnuka, kada ya shiga da abinci a hannu, sannan kuma...

Hadiza: Lokaci ya ci mu, Malam Sani ya cinye rabonka. Sauran sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.